Tsuntsayen bishiyar bayan ɗakina sun ɓace, ina suka tafi?

Ɗan Auta ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ni sabon shiga ne a wannan harka, a yi haƙuri da tambayar yara.

Akwai wata doguwar bishiya a bayan ɗakina, reshenta ɗaya ya kusa taɓa taga. Da damina ta kankama sai wasu tsuntsaye rawaya masu baƙin kai da jan ido suka mamaye ta, suka rataya sheƙuna a ƙarshen kusan kowane reshe. Tun asuba suke ɓarkewa da surutu, ba sa yin shiru sai rana ta faɗi. Da farko haushinsu nake ji don sun hana ni barcin safe, daga baya kuma sai ga ni ina jan kujera zuwa bakin taga ina kallonsu har lokacin fita aiki ya yi. Akwai wani guda da na sa wa ido, yakan maƙale a gindin sheƙarsa, kai a ƙasa, yana kaɗa fukafukai yana ihu duk sa'ad da wata ta gitta.

Yanzu ruwa ya ɗauke, bishiyar ta yi tsit. Sheƙunan suna nan sun bushe, amma masu baƙin kan nan ko ɗaya ban ƙara gani ba, sai wasu masu launin ƙasa-ƙasa waɗanda ba su da wani kyan gani. A daidai wannan lokaci kuma tsattsewa suka cika wayar lantarki, alhali da damina ban gan su da yawa haka ba.

To ina masu baƙin kan suka tafi? Daga ina kuma tsattsewar nan suka ɓullo? Sannan wani abokina ya ce in ba ni da madubin hangen nesa da kyamara mai dogon baki, wasa nake yi, ba kallon tsuntsaye ba. Gaskiya ne? Don ko a gida an fara yi mini wani irin kallo, wai ƙato da ni na zauna ina gadin tsuntsu.

Baba Mai Littafi ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Wanda ya lura cewa wani tsuntsu ya tafi wani ya zo, ai ya riga ya shiga harkar, ko yana da madubi ko ba shi da shi.

Masu baƙin kan nan kabare ne, kuma ina kyautata zaton ba su yi nisa da kai ba. Cikin masu launin ƙasa-ƙasan da kake rainawa akwai su. Namijin kabare ba ya yawo da baƙin kan nan shekara zagaye. Ado ne na lokacin neman mace. In kiwon 'ya'ya ya ƙare sai ya zubar da wannan gashin, wani ya tsiro maras haske, ya koma kusan kamar macen. Ka duba kaurin bakinsu da girman jikinsu, za ka ga irin ɗaya ne da na damina, sai dai namijin ya ɗan fi macen girma. Sun daina kwana a kan sheƙa ne kawai, sun shiga garke suna bin inda ƙwayar ciyawa take. Haka zalaidu yake yi, da damina ka gan shi yana jan doguwar wutsiya yana yanga, da rani ka neme shi ka rasa, alhali yana gabanka, wutsiyar ce ta zube.

Tsattsewa kuwa labarinsu daban. Akwai na gida da ba sa zuwa ko'ina, amma taron da ke cika waya bayan damina yawancinsu baƙi ne daga Turai. Can suke yin ƙwai su ƙyanƙyashe, in sanyi ya matso ƙwari suka yi ƙaranci sai su yo kudu, su tsallake Bahar Rum, su tsallake Sahara. Tsuntsun da nauyinsa bai fi giram 20 ba. Wasu su tsaya a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, wasu su zarce har Afirka ta Kudu. Wajen watan Maris da Afrilu za ka sake ganinsu suna komawa. In ka samu ɗaya ya zauna kusa, duba maƙogwaronsa, ja ne mai duhu, da baƙin zobe a ƙirji, wutsiyar kuma a rabe gida biyu da dogayen sili.

Tambayar da ka yi, Turawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna yin ta. Har masanansu sun taɓa rubuta cewa tsattsewa nutsewa take yi cikin taɓon tafki ta yi barci har sanyi ya wuce. Abin da ya taimaka wajen warware gardamar shi ne wata farar shamuwa da aka harbo a 1822 kusa da garin Klütz a arewacin Jamus. Da aka ɗauko ta sai aka ga mashi soke a wuyanta, irin na mafarautan Afirka. Wato an jefe ta a nan nahiyar, ba ta mutu ba, ta ɗauki mashin ta yi tafiyar dubban kilomita da shi. Har yau gawarta tana ajiye a Jami'ar Rostock, da mashin a wuya. Daga baya, a 1899, wani malamin makaranta a Denmark mai suna Mortensen ya fara sa wa tsuntsaye ɗan zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa, don in an tsinci tsuntsun a wata ƙasa a san daga inda ya fito. Wannan dabara har gobe ana amfani da ita.

Shamuwar da muka sani mai baƙin baya da farin ciki, ita ba ta fita daga Afirka. Ruwa take bi. Ta yi sheƙa a arewa da damina, in ruwa ya ɗauke ta gangara kudancin nahiyar inda tasu daminar ke farawa, tana cin fara da tsutsa.

Maganar abokinka kuwa, ka gaishe shi. Na daɗe ina wannan abu da ido da kunne da ɗan littafin aljihu kafin madubi ya zo hannuna. Abin da nake ba ka shawara: ka riƙe bishiyar nan taka. Kullum ka rubuta kwanan wata, da abin da ka gani, da abin da yake yi. In ba ka san sunan tsuntsu ba, rubuta girmansa, ya kai kurciya ko bai kai gwara ba, bakinsa gajere ne mai kauri ko siriri mai lanƙwasa, tsalle yake yi a ƙasa ko taku. Baki shi ke gaya maka abincinsa. In shekara ta zagayo ka buɗe littafin, za ka san makon da kabare zai dawo tun kafin ya dawo.

Uwar Biyu ta amsa:

Baba ya gama magana a kan ƙaura, ni wancan mai ratayewa kai a ƙasa zan yi wa ƙanena bayani, don na sha kallonsa.

Talla yake yi. Namiji shi ke saƙa sheƙar shi kaɗai. Zai je ya ciji gefen ganyen doguwar ciyawa, ya tashi da shi a baki, ganyen ya tsage ya zama zare mai tsawo. Ya dawo ya fara da ɗaure zobe a reshe, yana taka zaren da ƙafa yana cusa shi da baki yana jawowa ta ɗaya gefen. Daga zoben nan yake tayar da ɗakin, ƙofar tana kallon ƙasa, shi ya sa maciji da shaho ke shan wahala kafin su kai ga ƙwai. In ya gama sai ya maƙale yana kiran mata. Macen za ta zo ta shiga, ta jajja saƙar da baki ta ji ƙarfinta. In ta yi mata, ita za ta kawo laushin ciyawa ta shimfiɗa a ciki. In ba ta yi mata ba, ta fice ko waiwaye babu. Kuma ɗanyen kore suke so. Da zarar sheƙa ta bushe ba a samu mai shiga ba, da bakinsa zai wargaza ta ya sake sabuwa a wurin. Na taɓa ganin wani yana yayyaga tasa da irin fushin tela da aka dawo wa da ɗinki, na yi dariya har yarana suka fito suna tambaya lafiya.

Yanzu da rani ya shigo, in kana so su zo inda kake, ba abinci za ka fara sa musu ba, ruwa ne. Nemi faranti mai fāɗi marar zurfi, ruwan kada ya wuce gaɓar yatsa, ka sa ɗan dutse a tsakiya don ƙanana su samu wurin tsayawa. Ka ajiye a inuwa, kusa da reshen da za su gudu su hau, amma ba dab da duhuwar da kyanwa za ta laɓe ba. Ka riƙa zubar da ruwan kana wanke farantin kullum, saboda sauro da kuma cutar da suke ɗauka a junansu.

Sai ka zauna ka ga abin mamaki a wurin shan ruwa kaɗai. Yawancin tsuntsaye sai su ɗebi ruwa a baki su ɗaga kai sama ya gangara. Kurciya da hasbiya ba haka suke yi ba, tsoma baki suke su zuƙa har su ƙoshi ba tare da sun ɗago ba. Asisi kuwa, 'yan mitsi-mitsin nan masu shuɗi, ba sa zuwa ɗai-ɗai, sai miji da mata, kuma namijin ne ke da jan tabo a kumatu. Masu yi maka kallon mai gadin tsuntsu, bar su. Mijina ma da haka ya fara, yanzu shi ke tuna mini ban canza ruwa ba.

Injiniya ya amsa:

Ina gaida Baba da Hajiya. Amma Baba, da girmanka, ban yarda a ce wa yaro madubi ba kome ba ne. Kyamara kam ba dole ba ce, wannan abokin nasa ya yi zuƙu. Madubi kuwa yana canza abin gaba ɗaya. Ranar da ka fara ganin idon shaya ta cikinsa, da yadda gashinsa ke juyawa daga shuɗi zuwa kore in rana ta doke shi, za ka gane cewa da can inuwarsu kawai kake kallo.

Malam Ɗan Auta, in ka tashi saye, nemi wanda aka rubuta 8x42 a jikinsa. Takwas ɗin yana nufin yana jawo abu kusa sau 8, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita, shi ke tara haske da asuba da magariba. Kada a ruɗe ka da mai jawowa sau 20, hannunka zai yi ta rawa, kafin ka samo reshen tsuntsun ya tashi. Dabarar kuma ita ce ka kafa wa tsuntsun ido tukuna, sannan ka ɗago madubin zuwa idonka ba tare da ka kau da kai ba.

Sannan akwai waya. Manhajar Merlin ta ɗakin binciken tsuntsaye na Jami'ar Cornell a Amurka kyauta ce, za ka gaya mata girma da launi da inda ka ga tsuntsun, ta kawo maka waɗanda suka dace, da hotuna da kukansu. Tana kuma sauraren kuka ta faɗi mai yin sa, sai dai ta fi ƙwarewa a tsuntsayen Amurka da Turai, don haka kada ka ɗauki duk abin da ta ce a matsayin yankan wuƙa. Akwai kuma eBird, tun 2002 ake amfani da ita, nan kake shigar da abin da ka gani, ya haɗu da na sauran mutanen duniya, masu bincike su yi aiki da shi. Littafin aljihun Baba ne dai, amma wanda ba ya ɓacewa.

Ni abin da ya ja ni ciki lissafi ne. Akwai tsuntsaye kusan iri 11,000 a duniya, kowane sabo da na ƙara a jerina daɗi nake ji. Kuma ka ji abin da na'urorin bin sawu suka gano. A 2022 wani tsuntsun bakin teku mai dogon baki, ɗan wata biyar, ya tashi daga Alaska bai sauka ba sai Tasmaniya, kilomita 13,560 cikin kwana 11, ba ci ba sha. A 2016 masu bincike a Jami'ar Lund ta Suwidin suka nuna cewa wani irin baƙin tsuntsu mai kama da tsattsewa yana iya yin wata 10 a sama bai taɓa ƙasa ba. Mikiya kuma, a 1973 wata ta yi karo da jirgin sama a saman Abidjan a tsayin mita 11,300. In wani tsuntsu ya ƙi fitowa daga duhuwa, ni sai in kunna masa kukan ɗan'uwansa a waya, nan da nan zai fito.

Baba Mai Littafi ya sake amsawa:

Injiniya, na karɓi maganar madubi, in da hali a saya. Amma abin da ka rufe da shi, ina roƙonka ka daina, kada kuma sabon shiga ya koya.

Ka san abin da ya sa yake fitowa? Ji yake wani namiji ya shigo masa gida. Ya bar cin abinci, ya bar macen, wani lokaci ya bar ƙwai a buɗe, ya zo faɗa da abokin gāba da babu shi. Kai ka samu suna ɗaya a jerinka ka tafi, shi kuma ya yi ta kewaya wurin yana kuka. In mutum goma suka yi masa haka a rana fa? Akwai gandun daji da dama a duniya da suka hana wannan kwata-kwata. Haka zuwa dab da sheƙa don hoto. Hankaka yana kallonka, in ka tashi shi zai je ya duba abin da ka tsaya kallo.

Jeri kuma ban ce laifi ne ba. Sai dai na ga masu jeri da yawa da za su gaya maka sun ga iri ɗari huɗu, amma ka tambaye su yadda cilakowa ke kiwon 'ya'yanta su yi shiru. Macen tana shiga kogon bishiya ta toshe ƙofar daga ciki da taɓo da kashinta, ta bar 'yar tsaga, namiji ya yi ta kawo mata abinci ta nan har ƙwai su ƙyanƙyashe. Wannan ba ka ganinsa in kana gudu daga tsuntsu zuwa tsuntsu. Balbelar nan da kowa ke wucewa bai kalla ba, da kanta ta tsallake tekun Atlantika, aka fara ganinta a Kudancin Amurka a ƙarshen ƙarni na 19, zuwa 1953 tana ƙyanƙyasa a Florida. Ba wanda ya kai ta.

Inda nake tare da kai ɗari bisa ɗari shi ne ajiye lissafi, kuma na gama-garin tsuntsu ya fi muhimmanci. Ungulu ce misali. Wa ya taɓa tunanin ƙirga ungulu? A Indiya, cikin shekarun 1990, fiye da kashi 95 cikin ɗari na wasu irin ungulayensu suka mutu. Sai daga baya aka gano maganin ciwon jiki ne da ake yi wa shanu allurarsa, diclofenac, in ungulu ta ci mushen sai ƙodarta ta lalace. A 2006 aka hana amfani da shi ga dabbobi a can. A Afirka ma guba da farauta sun ci su, har a 2015 aka sa ungulun da muka fi sani cikin jerin waɗanda ke dab da ƙarewa. Na buɗe tsofaffin littattafaina, shekarun farko ko rubuta ta ba na yi saboda yawa. Yanzu in na ga ɗaya sai na ja layi a ƙarƙashin ranar.

Ɗan Auta ya dawo:

Na gode Baba, na gode Hajiya, Injiniya na gode. Na ajiye farantin ruwa yadda Hajiya ta ce. Kurciya ce ta fara zuwa, kuma wallahi ba ta ɗaga kai ba har ta gama. Masu launin ƙasa-ƙasan ma sun sauko, na dubi bakinsu da kyau, Baba ya yi gaskiya, su ne. Madubi sai na tara kuɗi.

Wata tambayar kuma. Jiya bayan magariba ina dawowa, fitilar babur ta haska wani abu a tsakiyar hanya, idanunsa suna ƙyalli ja. Na ɗauka kwaɗo ne ko dutse, sai da na zo dab da shi ya tashi, ba ƙarar fiffike ko kaɗan, ya sake sauka gaba kaɗan. Mujiya ce?

Uwar Biyu ta amsa:

Ba mujiya ba ce, ƙanena, yautai ne. Mujiya a tsaye take zama, galibi a kan reshe ko gini, kuma da ka ga faffaɗar fuskarta. Yautai kwanciya yake yi a ƙasa, ƙafafunsa gajeru ne, yana son fili irin na hanya don daga nan yake hango ƙwari ya tashi ya cafke. Bakinsa ɗan ƙarami ne a ido, amma in ya wangale shi ya kai faɗin kansa. Ba ya yin sheƙa, a kan ƙasa yake ajiye ƙwai, launinsa kuma ya saje da busasshen ganye har ka kusa taka shi da rana ba ka gan shi ba.

Ka rage gudu in ka zo wurin, haske yana ruɗa su, mota na kashe su da yawa. In damina ta matso ka koma wajen da magariba, ka kashe fitila ka tsaya. Akwai irin da namijinsa ke fitar da dogon sili ɗaya a kowane fiffike, da ɗan gashi a ƙarshensa, in yana tashi sai ka ɗauka ƙananan tsuntsaye biyu ne ke bin sa. Ka rubuta ranar da wurin, ka zo ka gaya mana ko shi ne.